Kiwon lafiya: awon cunkoson mama, tsakanin ido da kwamfuta

Ciwon daji na mama shi ne dajin da ya fi kama mata a ƙasar Nijar. Haka abin yake a duniya baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2022 an gano shi a jikin mata miliyan 2 da dubu 300. A wannan shekara ya kashe mutum wajen dubu 670.

Wannan ciwo yana jin magani idan an gano shi da wuri. Ɗaya daga cikin hanyoyin gano shi ita ce wani hoto na musamman da ake kira mamogirafi. Likita yana iya tura mace daga Maijirgi, ko Tasawa, ko Mayahi zuwa babban birni don ɗaukar wannan hoto. Ta biya kuɗin mota, ta bar gida da yara. Ta dawo da takarda. A kan takardar sau da yawa akwai baƙi guda: A, ko B, ko C, ko D. Wannan baƙi yana nuna cunkoson maman. Ya kamata jama'a su san ma'anarsa, su san wanda ya auna shi, su kuma san iyakar gaskiyarsa.

ABIN DA KE CIKIN MAMA

Abu uku ne a cikin mama. Akwai kitse. Akwai naman da ke yin nono, tare da ƙananan hanyoyin da nonon ke bi. Akwai kuma zaruruwan da ke riƙe da su. Waɗannan biyun na ƙarshe suna fitowa farare a cikin hoto. Saboda haka a nan za a kira su farin nama.

Wata mace kitse ya fi yawa a mamanta. Wata kuma farin nama ya fi yawa. Ita ce ake cewa mamanta yana da cunkoso.

Cunkoso ba ciwo ba ne. Halitta ce. Ba a jin sa da hannu, ba a gane shi da girman mama ko taurinsa. A hoto kaɗai ake ganin sa. Ya fi yawa ga mace mai ƙuruciya, da siririyar mace, da mai ciki, da mai shayarwa. Yana raguwa da yawan shekaru da yawan haihuwa. Yana raguwa sosai idan mace ta daina haila. Ana kuma gadonsa.

A shekara ta 2017 cibiyar binciken daji da ke Liyon, a Faransa, ta jagoranci wani babban aiki. An duba hotunan mata fiye da dubu 11 daga ƙasashe 22, har da Nijeriya da Kenya da Masar da Afirka ta Kudu. Aka ga cunkoso yana raguwa da shekaru a ko'ina. Baƙar fata da farar fata duk ɗaya ne a wannan fanni.

YADDA HOTON KE FITOWA

Na'urar mamogirafi tana matse mama tsakanin faifai biyu na ɗan lokaci. Sai ta ratsa shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, amma kaɗan. Ana ɗaukar hoto biyu a kowane mama, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe. Matsewar tana da ɗan zafi, amma ba ta daɗewa.

Kitse yana fitowa baƙi-baƙi. Farin nama yana fitowa fari. Matsalar ita ce, kullutun daji shi ma fari yake fitowa.

Duk mai tsintar shinkafa ta san wannan. Farar tsakuwa a kan baƙin zane nan take ake ganin ta. Amma idan ta shiga cikin shinkafa, sai an sha wuya. Haka daji yake ɓuya a cikin mama mai cunkoso. Hoto yana iya nuna babu komi, alhali akwai.

Akwai dalili na biyu. Cunkoso mai yawa yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon. Wani likita a Amurka, John Wolfe, ya nuna haka a shekara ta 1976. A 2007 likita Norman Boyd da abokan aikinsa a Kanada suka kwatanta mata iri biyu. Na farko, waɗanda farin nama ya rufe kashi 75 cikin ɗari na hotonsu ko fiye. Na biyu, waɗanda bai kai kashi 10 ba. Haɗarin na farkon ya ninka na biyun kusan sau biyar.

Kada wannan lissafi ya tsorata kowa. Na can sama aka kwatanta da na can ƙasa. Yawancin mata masu cunkoso ba sa kamuwa da daji har ƙarshen rayuwarsu.

AWON IDO

Hanya mafi daɗewa ita ce ido. Likitan hoto ya duba, ya ba da baƙi. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tsara wannan awo a cikin wata ƙa'ida mai suna BI-RADS. Ga ma'anar baƙaƙen:

A: kusan duka kitse ne. Hoto yana nuna komi sarai.

B: akwai farin nama nan da can.

C: farin nama yana da yawa. Yana iya rufe ƙaramin kullutu.

D: farin nama ya cika maman. Hoto ba ya gani sosai.

C da D su ne masu cunkoso. A Amurka, cikin mata 10 da ake yi wa hoto, wajen 1 tana A, 4 suna B, 4 suna C, 1 tana D.

A lura: a kan takardar akwai kuma lamba, daga 0 zuwa 6. Lambar daban take. Ita ce ke faɗin ko an ga abin tuhuma. Baƙin kuwa cunkoso kawai yake nunawa.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne. Sai dai idon wani ba na wani ba ne. A 2016 an bi aikin likitocin hoto 83 a Amurka. Wani ya ce mata 6 ne kawai cikin ɗari ke da cunkoso. Wani ya ce 84 cikin ɗari. An kuma duba matan da likitoci biyu dabam suka karanta hotunansu a jere. Cikin ɗari, an sauya wa 17 matsayi: yau mai cunkoso, gobe marar cunkoso, ko akasin haka.

Kamar awon gero ne a kasuwar Tasawa. Tiya ɗaya ce, amma wani yana tulawa, wani yana shafe baki. Wannan saɓani ne ya sa masana suka nemi awon da ba ya sauyawa da hannun mai awo. Suka koma ga kwamfuta.

HANYOYIN KWAMFUTA GUDA HUƊU

Hanya ta farko: mutum da kwamfuta tare. A 1994 masana a Toranto, a Kanada, suka fito da wani tsari da aka sani da suna Cumulus. Ma'aikaci yana zaune gaban hoto. Shi ne ke nuna wa kwamfuta iyakar fari da baƙi. Ita kuma ta ƙirga, ta ce kashi kaza fari ne. Masu bincike sun daɗe suna dogara da shi. Amma yana cin lokaci, kuma hannun mutum yana ciki har yanzu.

Hanya ta biyu: awon faɗi. A nan kwamfuta ita kaɗai ke aiki. Ta gano iyakar mama, ta ware fari, ta auna filin da ya rufe. LIBRA yana cikin irin waɗannan. Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka ta yi shi, kuma kyauta take ba masu bincike. Akwai kuma Densitas, na wani kamfani a Kanada.

Hanya ta uku: awon yawa, wato faɗi tare da zurfi. Manomi ya san tarin gero biyu suna iya cin fili ɗaya a masussuka, amma ɗaya ya fi tudu. Wanda ya leƙo daga sama zai ce daidai suke. Wanda ya auna da tiya zai ga bambanci. Hoto a shimfiɗe yake, mama kuwa yana da kauri. Don haka wannan hanya tana duba kaurin maman lokacin da aka matse shi. Tana duba yawan hasken da ya ratsa kowane wuri. Daga nan ta lissafa yawan farin nama. Volpara shi ne fitacce a wannan hanya. A ƙasar Niyu Zilan aka kafa kamfaninsa a 2009, kuma wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna Lunit ya saye shi a 2024. Quantra, na kamfanin Hologic a Amurka, shi ma da wannan hanya ya fara. Awon yawa yana bukatar ɗanyen hoto, yadda ya fito daga na'ura kafin a gyara shi don ido. Asibitoci da yawa ba sa ajiye ɗanyen.

Lambobin awon faɗi da na awon yawa ba ɗaya ba ne. A awon faɗi, sai fari ya kai wajen kashi 75 cikin ɗari ake cewa cunkoso ya kai matuƙa. A awon Volpara, kashi 15 da rabi ya isa a ba mace D. Wanda ya haɗa lambobin biyu kamar wanda ya haɗa tiya da kilo ne.

Hanya ta huɗu: kwamfuta mai koyo. Ita ce sabuwa. Ba a ba ta ƙa'idar awo. Ana nuna mata dubban hotuna, kowane da baƙin da likita ya ba shi. Tana dubawa har ta gane da kanta, kamar yaron dillali da ya daɗe a kasuwar dabbobi har ya iya yi wa rago kuɗi. A wani babban asibiti a Boston, a Amurka, an gwada irin wannan a kan hotuna 10,763. An buga sakamakon a 2019. A tambayar ko akwai cunkoso ko babu, likitoci sun amince da amsar kwamfuta sau 94 cikin ɗari. Sababbin samfuran Quantra ma sun koma hanyar koyo. Rauninta shi ne, abin da malami ya koya wa ɗalibi shi yake maimaitawa, daidai da kuskure duka.

DA AKA GWADA SU, WA YA CI?

Masana sun jera waɗannan hanyoyi sun gwada su a kan hotuna iri ɗaya. Suna ɗaukar hotunan matan da suka kamu da daji, da na matan da ba su kamu ba. Hanya mai kyau ita ce wadda ta fi rarrabe su.

A Landan, a 2014, an gwada hanyoyi shida. Duka shidan sun nuna cewa yawan cunkoso yana tafe da yawan haɗari. Volpara da Cumulus suka fi nuna haka da ƙarfi.

A Amurka, a 2016, an gwada ido da Volpara da Quantra a kan mata wajen dubu 6. Volpara ya ce 51 cikin ɗari suna da cunkoso. Idon likitoci ya ce 43. Quantra ya ce 37. Mata ɗaya, hotuna ɗaya, amsa uku. Amma wajen nuna haɗarin daji, duka ukun sun yi kusa da juna.

A Mancesta, a Ingila, a 2018, an gwada hanyoyi biyar. Wanda ya zo na ɗaya shi ne idon ƙwararru biyu, kowane ya ba da kimarsa daga 0 zuwa 100, aka ɗauki tsakiya. Cikin masu aiki su kaɗai, Volpara da Densitas suka fi.

Ga darussan da aka samu.

Na ɗaya, duka hanyoyin hanya guda suke nunawa. Cunkoso yana rufe daji, yana kuma ƙara haɗari.

Na biyu, fifikon kwamfuta shi ne tsayuwa a kan magana ɗaya. Ba ta gajiya. Idan an ba ta hoto guda sau goma, amsa guda za ta bayar.

Na uku, kwamfutocin ba su yarda da juna ba. A da D ba su cika kawo gardama ba. Rikicin yana kan iyakar B da C, kuma a nan yawancin mata suke.

Na huɗu, babu hanyar da ta kayar da sauran a kowane gwaji. Idon ƙwararre yana nan da darajarsa.

Saboda haka idan baƙin mace ya sauya daga B zuwa C, ba lallai jikinta ne ya sauya ba. Wataƙila mai awo ne ya sauya, ko ma'auni.

AMFANIN AWON A ƘASASHEN WAJE

A ƙasar Holan ana kiran mata masu shekara 50 zuwa 75 su yi mamogirafi. An yi amfani da Volpara aka ware masu D fiye da dubu 40, waɗanda hotonsu bai nuna komi ba. Aka gayyaci wasu su ƙara wani hoto mai tsada da ake kira IRM. Sauran aka bar su da mamogirafi kaɗai. Aka jira shekara biyu. A 2019 sakamako ya fito. Cikin waɗanda ba a gayyata ba, daji ya bayyana ga mata 5 cikin dubu kafin hoto na gaba. Cikin waɗanda aka gayyata, rabin haka ne. Sai dai IRM ya tayar da hankalin wajen mata 80 cikin dubu, aka bincika ba a sami daji ba.

A Amurka, tun ranar 10 ga Satumba 2024, doka ta tilasta a gaya wa duk macen da ta yi mamogirafi ko tana da cunkoso ko babu. Wannan ya ƙara wa awon nauyi. Baƙi guda yana iya sa a ƙara wa mace bincike, ko a sallame ta.

INA RUWAN MACEN KARKARA?

A Nijar na'urorin mamogirafi kaɗan ne, kuma a manyan birane suke, kamar Yamai. Likitocin hoto ma kaɗan ne. A irin wannan hali kwamfuta mai awo tana iya rage wa likita aiki. Amma tana bukatar na'ura ta zamani, da lantarki, da kuɗi. Kuma yawancin waɗannan kwamfutoci da hotunan matan Turai da Amurka aka gina su. Kafin a dogara da su a nan, sai an gwada su a kan matan ƙasa.

Babbar matsalar karkara dabam take. Yawancin mata ba sa zuwa asibiti sai kullutu ya girma, wani lokaci har ya fashe. Kuma da yawa daga cikin masu ciwon ba su tsufa ba, suna cikin shekarun da cunkoso ke da yawa. Ga irin waɗannan mata akwai wani hoto mai taimako, wanda ake kira eko. Shi ne irin wanda ake duba mai ciki da shi. Da sauti yake aiki, kuma farin nama ba ya tare shi sosai. Yana iya bambanta ƙullin ruwa da kullutun tsoka. Na'urarsa ta fi yawa a asibitoci, ta kuma fi araha.

Hoto ko wane iri ne ba ya yanke hukunci. Hukunci na ƙarshe shi ne a ɗebi ɗan tsoka da allura, a duba shi a ɗakin bincike. Wasu suna cewa daji ba ya son allura ko wuƙa. Wannan magana ba ta da tushe. Jinkiri ne ke ba daji ƙarfi.

A watan Maris 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe buri uku. A gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu ciwon tun yana ƙarami. A gama bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa. Aƙalla kashi 80 cikin ɗari su kammala magani. A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji. A 2021 ta fara yi wa marasa lafiya magani da na'urar ƙona daji. Kafin nan sai an fita ƙasar waje.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Kullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo.

Kan mama ya shige ciki, alhali da ba haka yake ba.

Jini yana fita daga kan mama.

Fatar mama ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo.

Mama ɗaya ya sauya girma ko kama.

Gyambon da ya ƙi warkewa.

Yawancin kullutu ba daji ba ne. Ga mai shayarwa sau da yawa nono ne ya taru, ko ƙurji. Amma idan an yi magani bai baje ba, a koma wurin likita.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Mace ta san mamanta. Ta riƙa shafa shi sau ɗaya a wata, bayan ta gama haila. Idan ta ji wani abu sabo, ta je gidan likita mafi kusa, wato CSI, a cikin makon. Ungozomar likita za ta duba ta. Idan da bukata a tura ta asibitin Tasawa ko na Mayahi, daga can zuwa Maraɗi ko Yamai. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Kada a ɓata watanni ana shafe-shafe.

Wadda aka yi wa mamogirafi ta yi tambaya uku. Wane baƙi aka ba ni? Wace lamba aka ba ni? Ina bukatar eko? Ta adana hoton da takardar wuri mai kyau, inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Idan za ta sake hoto, ta tafi da tsohon. In da hali ta koma wuri ɗaya, don a auna da ma'auni ɗaya.

Wadda aka ba C ko D kada ta firgita. Ba a ce tana da daji ba. An ce hoto ba ya gani sosai a jikinta. Wadda aka ba A ko B kuma kada ta saki jiki.

Babbar magana ita ce wannan: idan hannu yana jin kullutu, hoto kuma ya ce babu komi, ba a gama ba. A ci gaba da bincike har a san ko mene ne.

Maigida yana da nasa aiki. Shi ne mai ba da izini da kuɗin mota. Buhun gero da aka sayar yau don bincike ya fi sauƙi bisa ga garken da za a sayar baɗi don jinya. Uwa da uwar miji su ma su taimaka, kada kunya ta sa yarinya ta ɓoye ciwo.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa matan gidansu wannan bayani. Malaman yaƙi da jahilci su kai shi azuzuwan mata, a tattauna.